Yadda ƙungiya za ta yi aiki a gidajen yarin Kebbi, daga bin fayil har zuwa bayan fita

Da azumi ya kama, ƙungiyoyi kan yi layi a ƙofar gidan yarin Birnin Kebbi da buhunan shinkafa da sukari da dabino. Aikin lada ne. Sai dai bayan sallah, mutumin da aka kawo kan zargin satar akuya, wanda ya shekara ba a kira shari'arsa ba, yana nan inda aka bar shi. Kusan biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba. Saboda haka ƙungiyar da ke son a ga amfaninta ta san cewa mafi yawan aikin na takarda ne da zirga-zirga tsakanin kotu da ofishin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a, sauran kuma yana farawa ne ranar da aka buɗe wa mutum ƙofa.

Kafin a taka ƙofa

A fara da rajistar ƙungiya a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu, a karɓi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, domin banki zai nema kafin ya buɗe asusu. Kuɗin tara da na zakka ba a tara su a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa.

Wasiƙar neman izini ana rubuta ta ne zuwa ga Kwanturolan Hukumar Gyaran Hali na jiha a Birnin Kebbi, ko da aikin a Argungu ko Yawuri ko Zuru za a yi. Wanda ya tafi kai tsaye wurin shugaban gidan, hedkwata za a mayar da shi. A cikin wasiƙar a sa lambar rajista, sunayen waɗanda za su riƙa shiga da hotunansu da katin shaida, takamaiman abin da za a yi, da ranakun zuwa. A nemi izinin wata shida ko shekara. Izinin yini guda na masu rabon kaya ne.

Mutum uku ko huɗu sun isa tawaga. Lallai a sa mace, don maza ba sa shiga sashen mata haka kawai. A kuma duba harshe: a Zuru za a buƙaci mai jin Dakarci, wajen Yawuri mai jin Kambarci, sannan Fulatanci da Zabarmanci suna da amfani kusan ko'ina. Akwai wanda zai amsa “to” ga duk abin da aka tambaye shi da Hausa alhali rabin maganar bai gane ba.

Waya a bakin ƙofa ake barinta. Ba a karɓar saƙon wasiƙa ko kuɗi daga ɗaurarre a fitar a ɓoye, ba a kuma shigar masa da komai sai ta hannun jami'i. Kuskure ɗaya irin wannan ya isa a rufe wa ƙungiya ƙofa, har ma da waɗanda za su zo bayanta. Mutum biyu ne za a fi hulɗa da su, jami'in walwala da mai kula da rikod, kuma a girmama su. Gandirebobi ma cikin zafin nan suke yini, da ƙarancin kayan aiki. Idan an ga abin da bai dace ba, a fara kai shi ga shugaban gidan, sannan Kwanturola a rubuce, sannan ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, wadda doka ta ba ikon ziyartar wuraren tsare mutane. Facebook shi ne na ƙarshe, in ma za a je can.

Littafin rajista

A sayi babban littafi mai kauri, kowane gida da nasa. A zauna da masu jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya, minti 10 zuwa 15 kowane mutum, a inda jami'i ke ganinku amma ba ya jin maganar in da hali. Abin da za a rubuta: cikakken suna da laƙabi, sunan uba, gari da unguwa da sunan mai unguwa, ranar kamu, ofishin 'yan sandan da ya kama, kotu, lambar ƙara, tuhuma, ranar ƙarshe da aka kai shi kotu, ranar da aka ce a dawo, ko an ba da beli da sharuɗɗansa, ko yana da lauya, ko danginsa sun san inda yake, da duk lambar wayar da ya haddace.

Batun suna ya fi yadda ake zato wahala. Mutum ya ce sunansa Garba, a takardar tsarewa an rubuta Abubakar. Kowa na kiransa Mamman, fayil na ɗauke da Muhammadu. Magatakardan kotu zai duba ya ce babu wannan ƙarar a wurinsa, kuma da gaskiyarsa. Shi ya sa bayan hira ake zuwa ofishin rikod a gwada abin da ya faɗa da abin da ke kan takardar da kotu ta aiko da shi. Wanda bai san wata na boko ba, a tambaye shi da lokaci: kafin babbar sallah ne ko bayanta, an yanke gero ko ba a yanke ba.

Tambaya ɗaya ce ba a yi: “Ka aikata?” Ɗan ƙungiya ba lauya ba ne, abin da aka faɗa masa ba shi da kariyar sirri irin ta lauya, ana iya kiransa shaida a kai. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar, wannan ya ishe ku dalilin aiki.

Da an cika shafuka za a ga mutanen sun rabu kashi-kashi, kowane kashi da hanyarsa.

Mafi sauƙi su ne waɗanda kotu ta ba beli amma babu mai tsaya musu. Sau da yawa dangi ba su ma san inda suke ba, ko sun ji an ce “beli naira dubu ɗari biyu” sun ɗauka kuɗin za a zube, sai suka koma gida suka zauna. A yi musu bayani cewa galibi alkawari ne mai tsayawa ke sa hannu a kai, sai wanda ya tsaya wa ya gudu ne kuɗin ke hawa kansa. Idan sharaɗin ya yi tsauri, misali an ce sai ma'aikacin gwamnati mai babban matakin albashi ga manomin da bai san kowa a birni ba, lauya zai iya roƙon kotu ta sassauta zuwa mai unguwa ko limami ko ɗan uwa mai gida a yankin. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ba a hana mutum tsayawa don kawai mace ce. Laifukan jiha kuwa dokar jiha ke tafiyar da su, saboda haka a nemi kwafinta a ajiye a ofis. 'Yan ƙungiya su kansu kada su tsaya wa kowa. Ranar da mutum ɗaya ya tsere, sunan ƙungiyar ne zai ɓaci a kotunan garin duka.

Sai waɗanda kotu ta manta da su. Ranar zama ta zo ba a kai su ba, ko motar ba mai, ko an sauya wa alƙali wurin aiki, ko ma'aikatan kotu na yajin aiki, daga nan ba a sake sa rana ba. Maganin wannan ƙafa ce. A je wurin magatakarda da lambar ƙara, a nemi a sa rana a kuma aika takardar da ke umartar gidan yari ya kawo mutumin. A koma ana jibi zama a tabbatar takardar ta isa. Ranar zaman ɗan ƙungiya ya kasance a cikin kotu, a zaune inda za a gan shi.

Kashi mai cin rai shi ne na masu manyan tuhume-tuhume, kisa da fashi da makami da garkuwa da mutane. Ana kai su gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraron ƙarar, ya tura su ajiya har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara kan ko akwai hujjar gurfanarwa a babbar kotu. A nan fayil ke kwana. Hanyarsa daga ofishin 'yan sandan yanki ne zuwa sashen binciken manyan laifuka na jiha, daga can zuwa ofishin daraktan gabatar da ƙararraki. A bi kowane zango a tambayi ranar da ya fita da lambar wasiƙar da ta raka shi. Idan ɗan sandan da ya yi binciken an mayar da shi wata jiha, a nemi wanda ya gaji teburinsa. Maimakon bin ɗaya-ɗaya, a tara sunaye 15 ko 20 a wasiƙa guda zuwa ga Kwamishinan Shari'a, da ranar kamun kowa. Dokar tarayya ta 2015 ta ƙayyade irin wannan tsarewa da kwana 14 a karon farko, sabuntawa kuma sai an kawo dalili, sashe na 35 na tsarin mulki kuma ya ce a gurfanar cikin lokacin da ya dace. Waɗannan makaman lauya ne, don haka a haɗa kai da ofishin Legal Aid, hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta, da reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA idan mace ce. Da yanayin tsaron da ake ciki, ƙungiya ta kiyaye bakinta: ba ta cewa wane ba shi da laifi, cewa take yi a kai shi gaban alƙalin da ke da ikon yanke hukunci.

Akwai kuma wanda zaman jiransa ya wuce iyakar ɗaurin da za a yi masa ko da an same shi da laifin. Doka ta ba Babban Jojin jiha ikon sakin irin wannan idan ya kai ziyara. Ziyarar gajera ce, mutane kuma da yawa, saboda haka a shirya wa kowa takarda shafi ɗaya tun kafin lokacin: tuhuma, iyakar hukuncinta, tsawon zaman da ya yi, da wanda zai karɓe shi a gida. A miƙa ta hannun jami'in walwala da lauyan Legal Aid. Yaran da ba su kai 18 ba, da masu taɓin hankali, a sa su a saman jerin. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta hana haɗa yara da manya, gidajen horon matasa na tarayya kuma suna Kaduna da Ilorin da Abeokuta. Idan takarda ta ce shekararsa 20 alhali ko gemu bai fara ba, a nemo takardar haihuwa, ko katin rigakafi, ko rajistar firamaren da ya yi.

Tara, diyya da bashi

A watan Nuwamba na 2023 Ma'aikatar Cikin Gida, ƙarƙashin minista Olubunmi Tunji-Ojo, ta fara sakin mutum 4,068 a faɗin ƙasa da naira miliyan 585 da aka tara don biyan tarar da suka kasa biya. Ƙaramar ƙungiya ma za ta iya yin nata daidai ƙarfinta, in ta bi a hankali.

Kafin a fitar da ko kwabo, a karanta hukuncin. Tara daban, diyyar da aka ce a biya wanda aka cuta daban. A biya tara a bar diyya, mutum na iya ci gaba da zama. A tambayi mai rikod ko akwai wata takardar tsarewa daga wata kotu a kansa, don an sha biya sannan a gano akwai shari'a ta biyu. A tambayi ranar fitarsa. Ana rage wa mai kyakkyawan hali kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, shi ne dalilin da ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce, don haka wanda saura masa mako uku ya fi buƙatar kuɗin a matsayin jari bayan ya fito.

Kuɗi a kotun da ta yanke hukunci ake biya, a karɓi rasit na gwamnati, alƙali ya sa hannu a takardar saki, a bi ta har ta isa gidan yari. Ba a ba kowa kuɗi a hannu ya “je ya ƙarasa”. Gidan yari ba ya sakin mutum da rasit kaɗai.

Inda bashi ne ko diyya, a fara ganin mai haƙƙi, kuma kada a je masa kai tsaye. A bi ta wurin mai unguwa ko limaminsa. Kada a bari labarin yawan kuɗin da ƙungiya ta tara ya riga ku isa, in ba haka ba bashin zai tashi da riba da kuɗin mota da na ɓata lokaci. Magana irin ta “Alhaji, zaman yaron nan a can ba zai dawo maka da dukiyarka ba, ga abin da ya sawwaƙa, sauran ka duba Allah” takan sa a yafe wani ɓangare. Duk abin da aka daidaita a rubuta, shaidu su sa hannu, a kai gaban alƙali ya shigar. Sulhun da ya tsaya a zaure, gobe wani ɗan uwa zai iya tayar da shi. Waɗanda ake bi bashi suna cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka, wannan ƙofa ce ta neman tallafi wurin 'yan kasuwa da manoman shinkafa bayan girbi. A tuntuɓi malami kan wane bashi ya shiga wane bai shiga ba. Fyaɗe da cin zarafin yara kuwa ba wurin matsa wa iyali su yafe ba ne.

Abin da ake yi a ciki

Kuɗin ciyar da ɗaurarre an ɗaga shi a 2024 daga naira 750 zuwa 1,125 a rana, kowa kuma ya san abin da wannan zai saya a kasuwar Jega. Duk da haka, in kuɗin ƙungiya kaɗan ne, ruwa da sabulu su ne gaba. Gyaran famfon rijiyar burtsatse kafin zafin Maris zuwa Mayu ya fi buhu goma na shinkafa tasiri. Ƙazuwa ba a maganinta mutum ɗaya: ɗaki guda ake shafa wa magani rana ɗaya, a wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya tabarmi da barguna a rana, in ba haka ba bayan 'yan makonni ta dawo. Duk mai tarin da ya kai mako biyu a nemi a gwada majinarsa; maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida ake sha, kuma wanda zai fita a tsakiyar magani a haɗa shi da asibitin garinsu tun kafin ranar. Kowane magani ta hannun ma'aikacin lafiyar gidan zai bi. A sashen mata a kai audugar mata duk wata, a lura da masu ciki da masu goyo.

Koyar da sana'a nan ne aka fi asarar kuɗi. A kawo kekunan ɗinki goma, a yi biki, ba zare ba allura ba mai gyara, bayan wata huɗu sun zama wurin rataye kaya. Duk abin da aka kashe wa na'ura, a ware kwatankwacin rabinsa don kayan aiki da gyara da alawus ɗin mai koyarwa na shekara. A zaɓi sana'a da kasuwar garin da mutum zai koma. Mafi yawansu daga ƙauye suke, kuma a fadamun Argungu da Suru da Bunza mai gyaran injin ban ruwa ba ya rasa aiki da rani; gyaran babur da haɗa sola ma haka. A ɗauki waɗanda saura musu aƙalla wata shida zuwa tara, a kuma biya musu jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya don su fita da takarda. Ajin yaƙi da jahilci ba ya cin kuɗi sosai: allo, alli, littattafai, da ɗaurarre mai ilimi a matsayin malami. Wanda ya iya ajami yakan kama boko da sauri.

Abin da ke cikin littafin rajista shi ne kuma hujjar neman gyara. Duk wata uku a fitar da rahoto shafi biyu, ba suna sai alƙaluma, a kai wa Babban Joji da Kwamishinan Shari'a da Kwanturola. Sashe na 12 na dokar 2019 ya ɗora wa Kwanturola sanar da Babban Joji da Kwamishinan Shari'a idan gida ya cika ya wuce ƙima, ya ba su wata uku su ɗauki mataki, ya kuma ba shi ikon ƙin karɓar sababbi idan gidan ya cika. Dokar ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma, amma alƙali ba zai yanke shi ba in bai ga inda za a yi aikin da wanda zai sa ido ba. Ƙungiya na iya kawo jerin wurare, asibiti ko kasuwa ko makaranta, da sunan mai lura a kowanne. Tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023, jihohi ma suna da ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, saboda haka majalisar jiha ta shiga cikin waɗanda za a riƙa kai wa rahoton.

Ranar fita da wata ukun farko

Ana saura wata guda a je garinsu. A ga uba ko wa, a ga mai unguwa, a tambaya a fili ko za a karɓe shi. Idan wanda aka cuta maƙwabci ne, a sanar da shi kafin ya ga mutumin kwatsam a masallaci. Inda aka ga komawar za ta jawo fitina, a nemi ɗan uwa a wani gari. Mata sun fi shan wuya a nan, domin wata kafin ta fito aurenta ya mutu, gidan iyaye kuma ana jin kunyar karɓarta. Wannan aikin dattijuwa ce daga cikin ƙungiya, kuma zuwa ɗaya ba ya isa.

Ranar kanta a iso da wuri. Mutum kan fito da rigar da aka kama shi da ita, ta yi masa yawa, da leda a hannu, ya tsaya yana kallon titi. A zo masa da riga da wando da takalmi, abincin da zai ci nan take, kuɗin mota har gida, da ɗan uwan da zai raka shi. Ba hoto. Fuskar da aka sa a intanet da sunan tallafi ita za ta hana shi aiki da aure. Idan ya cancanci takardar shaidar kyakkyawan hali da dokar 2019 ta tanada, a nemi jami'in walwala ya fara bin ta tun kafin fita.

Jari ba a ba da shi kuɗi a dunƙule. Mai fitowa yana da bashi, gida na da yunwa, cikin mako guda an cinye. A nemo maigidan sana'a a garin da ya yarda ya riƙe shi, a gaya masa gaskiyar inda yaron ya fito, a ajiye kayan aikin a shagonsa da yarjejeniya a rubuce cewa za su zama na yaron bayan wata shida. Manomi a ba shi iri da taki a kan lokacin shuka, ba wata biyu kafin nan ba, don kada su bi kasuwa. A ware ɗan kuɗin abinci na mako-mako na wata na farko.

Ziyara: mako na farko, na biyu, ƙarshen wata, sannan duk wata har shida. A tambayi maigidan sana'a daban, a tambayi gida daban, a tambaye shi shi kaɗai. Alamomin da ake dubawa su ne fashin zuwa aiki, komawa tsohuwar majalisa, da sayar da wani abu daga kayan aikin. Idan ƙwaya ce ta kai shi tun farko, a haɗa shi da sashen ba da shawara na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ko asibiti tun makon farko, kada a jira ya koma. Wanda aka sake kamawa, a buɗe masa sabon layi a littafin a rubuta lambar tsohon shafinsa a gefe, a koma a duba a wace ziyara aka fara ganin alama da abin da aka yi a lokacin.